Aikin koyarwa a sansanin lissafi na yara masu baiwa lokacin hutun zafi

Malamin sakandare, Jidda:
Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta, kuma ina so in yi aiki a sansanin yara masu baiwa idan hutun zafi ya zo. Ta ina ake shiga, kuma wane shiri ake bukata?

Dattijo a Makka:
Wa alaikumus salam Malam. Babbar ƙofa a ƙasar nan ita ce Mawhiba, gidauniyar Sarki Abdul'aziz ta masu baiwa, wadda aka kafa a 1999. Tana shirya zaman yara na 'yan makonni a jami'o'i irin su ta Sarki Fahad da ke Zaharan da ta Sarki Abdul'aziz da ke nan kusa da kai. Riƙa leƙa shafinsu tun kafin jarabawar ƙarshen shekara, domin wanda ya jira hutu ya kama zai tarar an gama zaɓe. Kafin komai ka duba iƙamarka, wato katin izinin zama a Saudiyya. Baƙo ba ya aiki a wajen wanda ba kafilinsa ba sai da izini, kuma ta tsarin Ajir ake fitar da izinin aikin wucin gadi. Ka samu yardar makarantarka a rubuce tukuna.

Malama a Madina:
Baba ya gama maganar takardu. Ni abin da ya fi damuna shi ne aji. Waɗannan yaran sun wuce littafin makaranta, kuma idan aka ninka masu irin aikin da suka saba, kwana biyu gundura za ta kama su. Fage huɗu za ka shirya: aljabara, jometiri, ilimin lambobi, da dabarun ƙirga hanyoyi. Na ƙarshen nan shi ne yawancinmu ba mu yi sosai a jami'a ba, don haka ka fi ba shi lokaci.

A zaman minti 90, tambaya uku ta isa. Misali, zana allon dara mai gida 64, fari da baƙi, ka cire gida biyu na kusurwoyin da ke kallon juna a karkace (na sama ta dama da na ƙasa ta hagu). Sai ka ce su rufe sauran 62 da ƙyallaye 31, kowanne mai rufe gida biyu na jere. Za su yi ta gwadawa, wani har ya yaga takarda. Don Allah ka daure ka yi shiru minti 20. In sun cije, tambaye su kawai: kowane ƙyalle wane launi yake rufewa? Daga nan wani zai gano cewa kowane ƙyalle fari ɗaya da baƙi ɗaya yake rufewa, alhali gidajen da aka cire launinsu ɗaya ne, an bar 32 da 30, abin ba zai yiwu ba. Malamin da ya yi gaggawar faɗin amsa ya ɓata darasin.

Mai horar da 'yan gasa, Riyad:
Haka ne Malama. Ka kuma koyi maki irin na gasar lissafi ta duniya: tambaya 6 cikin kwana biyu, kowace maki 7, kuma hujja ake dubawa. Yaro zai kawo amsa daidai ya tashi da maki kaɗan saboda bai nuna dalili ba, sai ka koya masa rubuta ta layi-layi. Warware kowace tambaya da hannunka ta hanya biyu kafin ka shiga aji, domin wani zai zo da ta uku, kuma dole ka tantance ta nan take.