Semesta ɗaya kawai na yi a ƙungiya, in saka a CV ko in bari?

Maryam_Gwale: Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Ina aji uku a jami'a, farkon zangon nan na shiga Enactus, ƙungiyar ɗalibai masu taimaka wa al'umma ta hanyar sana'a, mun yi aiki da wasu mata masu haɗa sabulu, ni ce na riƙe musu lissafin kuɗi. To amma mitin ya yi yawa, CGPA ɗina ta sauko daga 4.1 zuwa 3.8, kuma Baba ya ce kar magariba ta ƙara samuna a waje. So nake in bari. In na zo neman sikolashif na mastas irin Commonwealth ko Chevening, in rubuta wata huɗun nan ko zai nuna ni mai fara abu ce in watsar?

Abu_Hanif: Wa alaikumussalam. 'Yar'uwa ki shiga MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ga lada ga sanin mutane.

Maryam_Gwale: Malam ai ba wadda zan shiga nake nema ba, fita nake son yi.

Injiniya_TW: Ƙanwata fita tun da wuri wallahi. Ni shekara biyu ina sakataren wata ƙungiyar ɗalibai, ni ne rubuta wasiƙa, ni ne neman hol, ni ne bin 'yan siyasa gida gida neman gudummawa, har na kwashi kariyoba biyu, ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana wata takwas, abokan karatuna suka tafi bautar ƙasa suka bar ni. Da na zo karɓar satifiket ɗin ƙungiyar sai sabon shugaba ya ce sai na biya dubu biyar, ni da na yi ta kashe kuɗin aljihuna a fotokwafi. Har yau ba wanda ya taɓa tambayata takardar nan a intabiyu.

Sadiya_Bch: Dubu biyar? Mu 1,500 muka biya har da riga.

Abu_Hanif: Mu kyauta aka ba mu, an dai cuce ka ne kawai.

Injiniya_TW: Cutar ai ba a kuɗin take ba, shekarar da na rasa wa zai biya ni?

Anti_Hauwa: Maryam ki saurare ni, a Ingila na yi mastas. Ki saka, amma kar ki rubuta "mamba" kawai. Ki faɗi mata nawa kika yi wa lissafi, me ya canza a cinikinsu. Chevening rubutu suke sa ki yi kan shugabanci da hulɗa da mutane, misali na gaske suke so, kuma sai kina da shekara biyu ta aiki, awa 2,800, don haka kina da sauran lokaci. Commonwealth kuwa digiri mai daraja ta biyu babba, wato 2:1, suke fara dubawa, 3.8 tana ciki tunda daga 3.5 ake farawa, amma kar ki bari ta ƙara sauka. Maganar Baba gaskiya ce, ki nemi aikin da za ki riƙa yi musu da rana.

Bash_HR: Anti a yi haƙuri, waje daban nan daban. Ni nake tace CV a wurin aikinmu, digiri da shekarun haihuwa muke kalla, ɓangaren ƙungiyoyi ko karantawa ba ma yi.

Anti_Hauwa: Bashir ai sikolashif ta tambaya ba aikin banki ba.

Bash_HR: Mutum nawa ne ke samun sikolashif ɗin? Yawancinsu wurinmu suke dawowa.

Dan_Shayi: A turo ta majalisarmu ta mai shayi, shugabanmu shekara bakwai yana mulki ba zaɓe, shi zai rubuta mata wasiƙar shaida 😂

Sadiya_Bch: Ku bar zancen CV, transkirif ne bala'in. Na biya dubu ashirin tun bayan sallah, kullum a ce fayil yana teburin wani, har aka rufe fotal ina ji ina gani.

Injiniya_TW: Ashirin? Ni talatin da biyar aka karɓa don za a tura waje, kuma sai da na bi da ƙafata ofis ofis.

Bash_HR: Wa ya ce ku jira sai an buɗe sikolashif kafin ku nema? Ana gama bautar ƙasa ake fara bi.

Sadiya_Bch: Da wane kuɗin Yaya Bash, alawus ɗin?