Me za mu kira "cochlea" da Hausa?

Mai gabatar da shiri, Gombe: Salamu alaikum. Jibi 3 ga Maris, ranar lafiyar ji ta duniya, muna da shiri a rediyo. Dodon kunne ba matsala. Ƙasusuwan nan uku na bayansa na sa guduma, maƙera da likkafa. Saura "cochlea". A taimaka kafin gobe da la'asar.

Likitan kunne: Hajiya, sa katantanwar kunne. Bututu ne da ya naɗe sau biyu da rabi da 'yan kai, cike da ruwa. Likkafa ta tura ruwan, ruwan ya kaɗa wasu ƙwayoyi masu gashi, wajen 15,000, su kuma su aika saƙo ƙwaƙwalwa ta jijiyar ji. Gindinta ke jin siririn sauti, tsininta ke jin mai kauri. Idan ƙwayoyin nan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙarar injin niƙa na kashe su, haka allurar gentamicin in an wuce ƙa'ida. Sanƙarau da zazzaɓin Lassa ma suna lalata wurin.

Malamin Hausa, Bauchi: Dakta, dodon koɗi ya fi, shi kowa ya sani.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, dodon kunne da dodon koɗi a jimla ɗaya? Mai sauraro zai ɗauka abu guda ne. Ita ma katantanwa, yara sun san ta da juyawa, sai a zaci ita ke kawo hajijiya. Alhali wannan aikin maƙwabtanta ne: zobba uku masu ruwa da ke auna juyin kai, da jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi. Tsakuwa ta ɓalle ta faɗa zobe, mutum na juyawa a shimfiɗa sai ɗaki ya kama zagayawa. A asibiti dai kokiliya muke cewa.

Malamin Hausa: Wannan aro ne na lalaci! Shin sai Kano ta yanke mana kafin mu yarda da kalmarmu?

Likitan kunne: Ba wanda ya kawo Kano, Malam. Asalin kalmar "cochlea" ma daga sunan dodon koɗi take a Girkanci. Amma siffar ƙoƙon ake nufi, ba naman ba.

Malamin Hausa: To, a sa katantanwar. Amma kokiliya kada ta shiga iska.

Mai gabatar da shiri: Na gode. Katantanwar kunne ta zauna. Zobban nan uku fa, "zobban daidaito" ya yi?

Ma'aikaciyar jinya: Bai kwanta mini ba, Yaya, amma yi amfani da shi jibi.