Tatsuniyar da yaro zai taɓa ta amsa masa, ta ina zan fara?

Malamar Pantami:
Assalamu alaikum jama'a. Hausa nake koyarwa a wata firamare nan Gombe kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna. In na ce ga ta nan ga ta nanku duk aji sai ya ɗauka ta zo mu ji ta, in na zo kan waƙa su amsa, wani ma ya katse ni ya ce Malama ai jiya ba haka Gizo ya yi ba. Amma ranar da na ɗauki muryata a waya na kunna musu, wallahi ko minti biyu ba a yi ba hankalinsu ya watse. So nake in yi tatsuniyar da yaro zai zaɓa da kansa, Gizo ya shiga kogon kura ko ya koma gun Ƙoƙi. Laftof ɗina tsohuwa ce, kodin kuma ban iya ba.

Ɗan Jekadafari:
Wa alaikumus salam Malama. Ki nemi manhajar Twine, kyauta ce, Chris Klimas ya fitar da ita a 2009 don irin wannan. Kowane ɓangaren labari akwati ne a allo, zaɓin da kike so yaro ya danna sai ki sa shi cikin baka biyu kamar haka [[shiga kogo]], ita da kanta za ta buɗe sabon akwati ta ja kibiya zuwa gare shi. In kin gama fayil ɗaya take ba ki wanda burauza ke buɗewa ko babu data. Sai dai ki yi hattara da rassa, in zaɓi biyu ne a wuri 10 a jere hanyoyi 1024 ke nan, ni haka na taɓa yi na bar aikin a rabi. Ki riƙa dawo da su kan hanya ɗaya.

Baban Ummi, Yelwa Bauchi:
Twine karatu take so fa, 'yan aji ɗaya da biyu ya za su yi? Ni manhajar Scratch zan ce, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, tubalan umarni kawai ake jerawa a allo kuma ana ɗaukar murya a ciki, yaro ya danna Gizo ya ji muryar malamarsa. Mu a gida har da Makey Makey muka haɗa, wani ɗan allo ne da kwamfuta ke ɗauka kamar kibod. Na maƙala wayarsa a ƙwarya shiru, ashe busasshiyar ƙwarya ba ta ɗaukar lantarki, sai da na liƙa mata takardar alminiyam. Yarinyata ta riƙe ɗaya wayar a hannu ta buga ƙwaryar, ganga ta tashi a sifika, da gudu ta je ta kira mamanta.

Inna Talatu:
'Yata ni roƙona ɗaya, kar ki raba su kowa da wayarsa. Mu da muka sha tatsuniya a tsakar gida ai daɗin a taron yake, kakarmu fuskokinmu take kallo, in ta ga ƙarami ya tsorata sai ta sassauta wa Dodo. Ki ajiye laftof ɗin a gaba, su yi gardama su ɗaga hannu sannan ɗaya ya je ya danna.

Malamar Pantami:
Na gode ƙwarai. Inna haka za a yi insha Allah, dama laftof ɗin ɗaya ce. Zan fara da Scratch da zaɓi uku kacal, waƙar kuma yaran zan sa su rera in ɗauka. Baban Ummi don Allah a Bauchi ka samu allon nan ko oda ka yi?