Aiki, Rubuta Labari da Tattaki: Shawarwarin da Aka Bayar

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ma'aikaci zai samu sararin rubuta labari da yin tattaki, galibin masu magana sun yarda cewa jiran ranar hutu ne ke kashe sha'awar. Sun ba da shawarar ware minti 20 kullum domin rubutu, tun da sassafe, kafin hidimar aiki ta cinye hankali.

An fi daɗewa a kan tattaki. Wasu sun ce a kan hanya labari ke warware musu, shi ya sa suke naɗar muryarsu a waya. Wasu kuwa na ganin waya tana ɗauke hankali, gara ɗan littafi a aljihu, kuma ni dai ra'ayin nan nasu na fi karkata gare shi. An tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau biyar ta kai mafi ƙarancin adadin.

Game da aiki, an ce a daina duba saƙonnin ofis bayan an tashi.