In haska wa matasan cocinmu Conclave ko in bari?

Ɗan Kwaya: Jama'a barkanmu. An ba ni ranar Asabar in yi wa matasa bayanin yadda ake zaɓen Fafaroma. Akwai 'yan shekara 13 a cikinsu. Fim ɗin Conclave na 2024, wanda aka yi kan zaɓen Fafaroma, zai yi, ko in tsaya kan allo da alli?

Baba Katekis: Ɗana, tsarin zaɓen dai sun kamo shi. Kadinal (manyan limaman Katolika da ke zaɓen Fafaroma) da bai kai shekara 80 ba shi ke da ƙuri'a. Ranar farko sau ɗaya ake jefawa, daga nan sau huɗu kullum, biyu da safe biyu da yamma, har wani ya samu kashi biyu cikin uku. A Mayun 2025 masu zaɓen su 133 ne, sai da ƙuri'a 89 ake cin zaɓe. Kowace takarda allura ake soka mata a jera a zare kafin a ƙona; baƙin hayaƙi na nufin ba a zaɓi kowa ba tukuna.

Maman Tagwaye: Littafin Robert Harris na 2016, wanda aka ɗauko fim ɗin daga shi, ya fi. Can jagoran zaɓen ɗan Italiya ne, Lomeli, fim ya mai da shi ɗan Ingila, Lawrence. Benitez kuma, kadinal ɗin da aka naɗa a ɓoye a labarin, ɗan Filifin ne daga Bagadaza, aka mai da shi ɗan Meziko daga Kabul. Na hannu ba tsada.

Oga Janareta: Ba tsada ina? Kuɗin kawo shi kaɗai ya fi data. Mu ma janaretanmu baƙin hayaƙi yake fitarwa kullum, har yau ba mu zaɓi kowa ba 😂

Malamin Tarihi: Baba, da girmanka, akwai babban kuskure. Kadinal ɗin da aka naɗa a ɓoye, in Fafaroma ya rasu bai bayyana sunansa ba, naɗin ya bi ruwa. Haka ta faru da wanda John Paul na Biyu ya naɗa a 2003. Benitez ko ƙofa ba zai shiga ba.

Baba Katekis: Ka koyar da tarihi, ni na koyar da katekizim shekara da shekaru. Ƙuri'a na ce, ban ce labarin ba.

Ladin Kwas: Ni abin da ya ƙona min rai Adeyemi ne. Kadinal ɗan Najeriya yana kan gaba, sai aka tono masa ɗan da ya haifa da wata sista shekaru 30 baya. Baƙar fata ɗaya da ya kusa, shi aka ɗora wa abin kunyar mace. Wanda ya fito a matsayinsa ma, Lucian Msamati, asalinsa Tanzaniya ne. 'Yan wasa sun ƙare a Najeriya ne?

Maman Tagwaye: Ai haka suke mana, ko lafazin ba sa damuwa su gyara.

Ɗan Kwaya: To 'yan shekara 13 ɗin fa?