Dan Allah wa ke girkin Hausa da katim a cikinku?

Maman Hanan (Makka):

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gare ni a kan tukunyar nan ta matsi, katim. Maigidana ne ya shigo min da ita daga kasuwar Utaibiyya, ta alminiyam ce lita 7, irin mai ƙarfe a gicciye saman murfi da abin murɗawa a tsakiya, wai shi ya gaji da ɗaukar dabbar gas, wato silinda, yana hawa da ita bene. Ni kuma tunda aka kawo ta tana nan cikin kwalinta a saman firij, wlh tsoronta nake ji, tun a Kano an sha ba mu labarin wadda ta yi bindiga ta watsa wake har silin. To amma kuma maƙwabciyata 'yar Yaman kullum ina jin tata tana fito, kafin ka ce kwabo ta sauke abinci ta fito tana shan iska, ni ina tsaye a kicin da zafin nan na Makka ina jiran ganda ta yi laushi.

Abin da nake so in sani, za ta yi irin girkinmu kuwa? Wake, ganda, ƙafar saniya, farfesun kayan ciki, miyar kuka. Ruwa nawa ake sawa, kuma yaushe ake buɗewa? Yara huɗu gare ni, girki sau biyu a rana. Na gode.

Hajiya Umma (Jidda):

Wa alaikumussalam ƙanwata. Sauko da ita daga saman firij ɗin nan, kuɗin mijinki ne ke zaune a banza. Ni da ita na yi aikin girki a gidajen Larabawa tun ina da sauran ƙarfi, yanzu ma a gidana ba na wuni ban ɗora ta ba.

Kafin ki sa komai a ciki ki fara da ruwa zalla. Zuba kofi biyu ko uku, ki rufe, ki murɗa abin saman nan har ya tsaya amma kar ki sa ƙarfin tsiya, ki ɗora ɗan ƙarfen nan mai rawa a bakin bututun, ki kunna wuta. Za ki ji shiru na ɗan lokaci, sai ki ji tsss, sai ƙarfen ya fara juyawa yana fito. To wannan kukan shi ne lafiyarta, tururin da ya yi yawa ne ke fita. Ki bar ta minti 5 ki kashe, ki zauna ki ga yadda take hucewa da kanta. In kika yi haka rabin tsoron ya tafi.

Abin da ke sa ta yi ɓarna bututun nan ne in ya toshe. Duk lokacin da za ki ɗora ki ɗaga murfin sama ki leƙa ta ramin, in kin hango haske shi kenan, in ba ki hango ba ki sa tsinken sakace ki zazzage shi, ƙwayar shinkafa ɗaya ko ɓawon wake ya isa ya toshe shi. Sannan cikawa. Nama da miya kar su wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar, wake da alkama da adas (ɗan ƙaramin waken nan na Larabawa) da duk abin da ke kumbura yana kumfa kuwa rabi ne iyakarsu, haɗe da ruwan fa nake nufi. Labarin waken Kano da aka ba ku na tabbata cika ta aka yi maƙil, kumfa ta hau ta rufe hanya.

Lokaci kuma daga sanda ta fara fito ake ƙirgawa, ba daga sanda kika kunna wuta ba, kuma da ta fara fiton ki rage wutar sosai, ya zama ƙarfen yana ɗan motsi ne kawai a hankali. Mutane da yawa suna barin wuta a sama suna ganin zai fi sauri, ba ya ƙara komai sai dai ruwan ya ƙone gas ya tafi. Naman rago irin sawakni ko barbari minti 20 zuwa 25 ya ishe shi, na saniya ki ba shi rabin awa, ƙafar saniya da ganda minti 45 zuwa awa ɗaya ya danganta da tsufan saniyar, tumbi da hanji kamar rabin awa amma hanta kar ki sa ta tare da su, a ƙarshe ake jefa ta bayan an buɗe. Kajin nan na firiza kuwa ki yi hankali da su, minti 10 ma in kika wuce sai ki tarar ƙashi daban tsoka daban.

Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, duk miyar yauƙi, ba a rufe su a katim. Ki dafa namanki da kayan miya da daddawa a ciki, ki huce ta, ki buɗe, sannan ki kaɗa kukarki a buɗe kamar yadda kika saba. Yauƙi in ya hau bututu ba ya sauka.

Buɗewa kuma, ƙanwata, nan ne ake jin ciwo. Ba a taɓa murfi sai tururi ya ƙare ƙaf. Ki kashe wuta ki bar ta minti 10 ko 15, ki ɗan taɓa ƙarfen da cokali, in ba ya huci to ta sauka. In kina sauri ki kai ta sink ki sakar mata ruwan famfo a gefen murfi, ba a kan bututun ba, nan da nan za ta yi shiru. In kin ji murfin yana miki gardama to da sauran matsi a ciki, ki ƙyale shi. Kuma ki buɗe yana kallon bango ba fuskarki ba.

Abu Faisal (Yanbu):

Hajiya ta gama magana, Allah ya saka da alheri. Ni dai zan ɗan ƙara dalilin saurin ne don aikina ya shafi bututu da matsi, wataƙila in Maman Hanan ta gane yadda abin ke aiki hankalinta zai fi kwanciya. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya in ya kai digiri 100 ya tsaya kenan, ko wace irin wuta kika hura masa ba zai ƙara zafi ba sai dai ya tashi ya zama tururi ya gudu. In aka kulle tururin a ciki sai ya danne ruwan, ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 115 zuwa 120, ya danganta da irin tukunyar. Wannan ƙarin digiri 15 zuwa 20 ɗin shi ke narkar da jijiya da ganda cikin kashi ɗaya bisa uku na lokacin da aka saba. Shi ya sa dole a samu ruwa a ciki, aƙalla kofi ɗaya zuwa biyu, ba ruwa ba tururi, sai ƙonewa.

Kuma ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe Denis Papin ne ya ƙera ta farko a 1679 lokacin yana aiki a Landan, kuma don laushin ƙashi ya yi ta, kun ga masu son ƙafar saniya ba su saɓa wa asali ba. Shi ne kuma ya ƙirƙiro bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa. Ki duba murfinki da kyau za ki ga bayan bututun tsakiya akwai wani ɗan ƙaramin bawul a gefe, na ko-ta-kwana ne, in babban ya toshe shi zai buɗe. Abin da nake roƙon mutane kar su yi shi ne in wannan ƙaramin ya lalace su kai wa mai walda ya toshe ramin ko su cusa masa ƙusa, na ga masu yin haka a ɗakunan leburori. A sayi sabo, ana sayar da shi a shagunan kayan kicin, haka ma robar murfin, in ta taurare ko ta tsage ko kika ga tururi na fita ta gefe to ta gama aiki. Ki tafi da tsohuwar don a ba ki daidai girmanta.

Ummu Rayyan (Abha):

Slm, Maman Hanan ke da kike Makka ma da sauƙi, mu nan kan dutse katim ba gata ba ce dole ce. Abha ta haura mita 2,000 sama da teku, ruwa a nan a wajen digiri 93 yake tafasa, sai ki ga wake yana ta ɓararraka a tukunya awa biyu amma ki latsa shi ki ji shi gagau, 'yan Ɗa'if ma sun san wannan. Ko a katim ɗin ma sai na ƙara 'yan mintuna a kan abin da Hajiya ta faɗa.

Wake dai yadda nake yi, in na jiƙa shi tun dare minti 10 zuwa 12, in ban jiƙa ba 20 zuwa 25, ina ɗiga cokali ɗaya na mai a ruwan yana kwantar da kumfa, kuma ba na hucewa da ruwan famfo don fatarsa na fashewa ya dame, barinta nake ta sauka da kanta. Shinkafa da wake kuma kar ki zuba su lokaci ɗaya, wake ya fara yin rabi ki huce ki buɗe ki zuba shinkafa. Da azumi alkamar shurba, romon nan na buɗa-baki, ma a ciki nake yi, rabin awa ta fashe. Kuma ki daina barin miyar tumatir ta kwana a ta alminiyam, tsamin na cin jikinta, ki juye a wani mazubi.

Baba Sani mai maɗbak, wato gidan dafa abinci (Madina):

Ni kam zan ɗan saɓa muku, ku yi haƙuri Hajiya. Sauri gaskiya ne, gas ma gaskiya ne, amma ba kowane abinci ne ke son sauri ba. Farfesun da ya yi awa uku a ƙaramar wuta yana tsotsewa a hankali romonsa daban ne, a katim ruwa ba ya raguwa sosai, kusan abin da ka zuba shi za ka tarar, shi ya sa masu farawa miyarsu ke fitowa tsululu su ce tukunyar ce ba ta da kyau. Dabarar ita ce ki rage ruwa fiye da yadda hannunki ya saba, ki soya albasa da naman a cikinta a buɗe tukuna har su yi ja, bayan an buɗe kuma ki bar ta ta ɗan tafasa minti kaɗan ba murfi. Kuma ba dama ki ɗanɗana gishiri a tsakiya, wannan ni har yau yana damuna.

Inda ba ni da ja shi ne naman hashi, wato ɗan raƙumi, da madgut, shinkafa da naman da ake dafawa a katim. Raƙumi in ba ɗan ƙarami sosai ba ne sai ya ci maka rabin wuni a tukunyar banza. Madgut kuwa dama don ita aka yi shi, ki dafa naman da tumatir da lemun baƙi (busasshen lemun tsami) da kayan ƙamshi har ya kusa nuna, ki huce ki buɗe, ki zuba basmati da kika jiƙa, romon ya ɗan rufe shinkafar da kamar gaɓar yatsa ɗaya, ki rufe, da ta yi fito ki rage wuta can ƙasa minti 7 zuwa 10 ki kashe ki bar ta ta huce. Tumatirin gwangwani kar ya kwanta a gindi, yana kamawa.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, bidiyoyin nan da ake turawa a WhatsApp ana cika katim da mai ana rufewa wai ana yin burost, soyayyar kaza irin ta gidan abincin Albaik, a gida. Masu burost injinsu daban ne, don mai aka ƙera shi. Mai yana zafi fiye da ruwa nesa ba kusa ba, robar murfin tukunyar gida ba a yi ta don shi ba. Kar ki gwada ko yara sun yi ta naci.

Maman Hanan (Makka):

Kai amma na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na gwada da ruwan kamar yadda Hajiya ta ce, ƙaramar 'yata ce kawai ta ruga ɗaki da ta fara fito hhh. Na leƙa ramin ma akwai haske. Saura abu biyu dan Allah Hajiya, kanwa fa, ana sawa a waken? Sai kuma tuwon shinkafa, shi ma zai yiwu ko in bar shi a tukunyata ta da?

Hajiya Umma (Jidda):

Kanwa ki ajiye ta, aikin da take yi na laushi tukunyar ta riga ta yi, ga shi tana tayar da kumfa kuma tana baƙanta alminiyam. In don launin nan ja na shinkafa da wake kike so to ki ɗiga ruwanta kaɗan bayan kin buɗe. Tuwo kuma zai yi, ki sami shinkafar Masar mai gajeren ƙwaya tana nan a kowace baƙala, wato shagon unguwa, ita ta fi kama da ta tuwo, ki ba ta ruwa ya fi na dafa-duka yawa amma duka kar su wuce rabin tukunya, minti 10 zuwa 12 bayan fito, ki bar ta ta huce da kanta don ruwan shinkafa na feshi ta bututu in an sake shi da gaggawa. Sai ki buɗe ki tuƙa da muciya a kan ƙaramar wuta. Ki kula kar muciyar ta riƙa dukan leɓen tukunyar, in bakin ya lotsa roba ba za ta ƙara zama daidai ba.