Gidan kallona ya yi sanyi: fina-finan mutum-mutumi zan sa ko na likitocin Japan?

Mai Gidan Kallo: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Asabar. Ina da ɗan gidan kallo, benci takwas da talabijin ɗaya. Tun da aka rufe kakar Firimiya wurin ya mutu, sai Agusta za a dawo, mai haya kuwa ba ruwansa da hutun ƙwallo. Na ce bari in riƙa sa fim bayan isha'i, amma ban da na Indiya, don kowa yana da su a waya. Ƙanena ya kawo mini zaɓi biyu: fina-finan ƙirƙirarriyar basira irin su Terminator da I, Robot, ko kuma masu dogon zango na likitocin Japan, ya ambaci Doctor-X da Code Blue da JIN. Kuɗina na abu ɗaya ne kawai, domin dole in biya yaron da zai tsaya yana fassarawa da baki. Yawancin masu zuwa wurina ba sa bin rubutun Turanci da ke gudu a ƙasa. Injina kuma ba ya wuce awa biyu a dare. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka mini.

Ɗan Fage: Wa alaikumus salam. Malam sa musu Enthiran na Rajinikanth kawai, wanda ya fito a 2010. Da Chitti, mutum-mutumin fim ɗin, ya fara haɗa kansa da 'yan'uwansa ya zama maciji, wallahi benci sai ya karye.

Mai Gidan Kallo: Ɗan'uwa ai na ce ban da Indiya. Yara ma sun haddace Chitti.

Sadiya Kwamfuta: Ni na basira zan zaɓa, amma ka tace su da kanka tukuna. Ex Machina na 2014 shi ne ya fi kowanne taɓa zancen da gaske, yadda na'ura za ta karanci raunin mutum ta yaudare shi har ya buɗe mata ƙofa. Sai dai akwai tsiraici a ciki, bai dace da taron unguwa ba sam, kuma hira ce zalla tsakanin mutum uku a gida ɗaya, mai fassararka zai bushe da ƙishirwa. Her na 2013 ma haka, mutum ne ya kamu da son murya a waya. Waɗanda za su riƙe maka jama'a su ne Terminator 2 na 1991 da I, Robot na 2004. Bayan waɗannan biyun da The Matrix me za ka sa? Sati ɗaya sun ƙare.

Alhaji na Kwana: Na yi wannan sana'ar shekara tara kafin in koma sayar da kayan waya. Abin da ke dawo da mutum gobe shi ne labarin da bai ƙare ba. Na Japan yawanci zango kashi goma ne ko sha ɗaya, kowane kashi wajen minti arba'in da biyar, ka ga biyu za su shiga cikin awa biyunka har da ragowa. Ka fara da JIN. Likitan ƙwaƙwalwa ne daga Tokyo ta yau ya tsinci kansa a shekarar 1862, babu wuta babu allurar kashe zafi ta zamani. Annobar kwalara ta ɓarke, ya tara mutane ya koya musu haɗa ruwan gishiri da zaƙi suna ɗura wa marasa lafiya. Na kalli wannan kashin da mahaifiyata, ta nuna talabijin ta ce, "Ai wannan namu ne, shi muka ba ku lokacin amai da gudawa." Daga baya ya haɗa maganin fenisilin daga funfuna, da tukwane da man girki. Irin wannan ko babu fassara dattijo zai gane.

Baban Hanifa: Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba a tambaya ba. Malam, kome za ka sa, kada ka sa Code Blue. Ni na gama zango na farko dab da rasuwar ƙanena. A fim ɗin, ana bugo waya an yi hatsari, likita da nas sun ruga sun shiga jirgi mai saukar ungulu, kafin ka sha ruwa sun sauka a bakin titi sun fara aiki a kan mutum tun yana ƙasa. Kuma ba ƙirƙira ba ce, Japan tana da wannan tsarin tun 2001. Ƙanena mota ta buge shi a kan babur da la'asar. Ya fi rabin awa a kwance mutane sun zagaye shi, wasu na ɗaukar hoto. A bayan akori-kura muka ɗauke shi, kansa a kan cinyata, ina danne raunin da hulata. Asibitin farko suka ce babu gado. Na biyu suka rubuto mini takarda: safar hannu, ruwa, allura, leda biyu na jini. Ina kan layin biyan kuɗi aka zo aka dafa kafaɗata. Har yau takardar tana cikin aljihun jakata, ban saya ko ɗaya ba. Da na dawo gida bayan sadakar uku na goge fim ɗin duka daga wayata. Ba ka san wanda zai zauna a bencinka da irin wannan a zuciyarsa ba.

Sadiya Kwamfuta: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Baban Hanifa.

Alhaji na Kwana: Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri.

Anti Nas: Allah ya sa ya huta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara sha huɗu, kuma ina kallon waɗannan fina-finan, don haka bari in faɗi gaskiya. Code Blue ya fi kusa da yadda aikin gaggawa yake, har da yadda sabon likita ke daskarewa hannunsa na rawa. Doctor-X kuwa nishaɗi ne. Jarumar fim ɗin, likita Daimon Michiko, ta shigo da takalmi mai tsini ta ce ita ba ta kuskure, ta yi tiyatar da manya suka kasa, sannan manajanta ya kai wa shugaban asibiti kankana mai tsada tare da takardar kuɗin aiki. Daga 2012 zuwa 2021 aka yi shi har zango bakwai, don mutane na jin daɗin ganin an kunyata manya. Amma babu likitan da ba ya kuskure, kuma irin wannan fim ne ke sa dangin mara lafiya su zo suna yi mana tsawa.

Ɗan Fage: Anti ai mu ma muna da Daimon a unguwarmu, mai kemis ne, shi ma bai taɓa cewa bai san ciwo ba 😂

Injiniya Bash: Anti Nas, da girmamawa, ba shawarar asibiti aka nema ba, ta kasuwanci ce. Wanda ya taɓa tara kuɗin ƙofa shi ya kamata ya yi magana. Malam, a wurinmu masu turi naira ɗari suke karɓa kan kowane fim, zango guda ɗari biyar. Mai fassara ka ba shi dubu ɗaya a dare ya ishe shi.

Alhaji na Kwana: Dubu ɗaya? A wane gari? Yaron da ya iya Turanci har zai bi hirar likitoci ba zai tsaya maka ƙasa da dubu uku ba. Kuma masu turi ba su da na Japan, Koriya suke da shi, sai su ce maka ai duk ɗaya ne.

Sadiya Kwamfuta: Ni dubu biyu na biya a kan zango ɗaya na Doctor-X, da na zo gida na tarar rubutun ƙasan na Indonesiya ne.

Anti Nas: Injiniya, ni ce zan karɓi waɗanda suka kalla ɗin idan sun zo asibiti, don haka maganata tana da wuri a nan. Kai da ba ka kalli ko ɗaya ba fa?

Injiniya Bash: Na kalli wanda ya haɗa duka biyun ma. AI Amok, fim ɗin Japan na 2020, kuma jarumin JIN ne a ciki, Osawa Takao. An nuna shekarar 2030, wata basirar kula da lafiya mai suna Nozomi tana riƙe da bayanan jama'ar ƙasar, sai ta juya ta fara tantance wanda ya cancanci ya rayu. Malam sa wannan, ka huta da zaɓi.

Baban Hanifa: Tantance wanda zai rayu ai ba sai an jira 2030 ba. Layin biyan kuɗi ya yi mana wannan.

Anti Nas: Ban musa maka ba, yayana. Amma ka sani mu ma a ciki muke. Daren Talatar da ta wuce ni kaɗai ce a kan gado ashirin da shida. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗinki, da fitilar wayata likita ya ƙarasa, ina riƙe da ita a sama har hannuna ya sage. A cikin waɗanda muka gama makaranta tare, bakwai suna Saudiyya da Ingila yanzu. Safar hannun da aka rubuto maka, wallahi sau da yawa da kuɗinmu muke saya mu ajiye a jaka.

Mai Gidan Kallo: Allah ya jiƙan mamaci, ya saka wa Anti. To jama'a, JIN ɗin zan sa ke nan? Kuma mai fassarar nawa zan ba shi a gaskiya?

Ummu Sultan: Anti Nas don Allah tsaya, tun da ana zancen jini. Watan jiya da aka yi wa yayata tiyatar haihuwa mun kawo mutum uku sun bayar, amma duk da haka aka ce sai mun biya kuɗin gwaji da na leda, kowace dubu goma sha biyu. Wata a gadon kusa da mu ta ce ita dubu bakwai ta biya. Haka tsarin yake ko cutarmu aka yi?

Injiniya Bash: Dubu sha biyu? Mu sha takwas muka biya bara, kuma ba a ma yi amfani da leda ta biyun ba. Anti, ina jinin da ya rage yake tafiya?